Akushin Baba Dispensa

Na yi tseren keke a Kaduna shekaru masu dama, kuma ban taɓa zuwa na ɗaya ba. Na biyu ma sau ɗaya na lasa, shi ma don sarƙar wanda ke gabana ta tsinke ne ana hango Kawo. Ina faɗin haka tun da wuri saboda jikokina sun fara gaya wa abokansu wai kakansu zakara ne a zamaninsa, ni kuwa in na ji sai in yi tari in dubi gefe. Zakara kam akwai shi a rumfarmu, amma ba ni ba ne.

A shekarun nan na hamsin, kafin a karɓi mulkin kai, keke shi ne motar ma'aikaci. Akawu, masinja, malamin makaranta, kowa burinsa ya ji ƙararrawa a ƙarƙashin babban yatsansa. Wanda bai kai ga saye ba ya karɓi haya. Masu rumfunan kekuna su suka ƙirƙiro tsere, daga Kawo zuwa Rigachikun a juyo, don jama'a su ga keken wa ya fi juriya. Kowane mai rumfa yana riƙe da mahayansa, ya ciyar da su, ya ba su keke. Ranakun da babu tsere mu yi faci, mu ba da iska, mu bi sawun yaran da suka karɓi haya suka manta hanyar dawowa. Rumfar da ta ci tsere, mako na zagayowa sai ka ga ma'aikatan Unguwar Rimi sun yi mata layi. Wato da ƙafafunmu muke cin abinci, ni kuma na fi kowa ɗaukar sashen cin da muhimmanci. Shi ya sa ake ce mini Acici, har wasu sun ɗauka sunan yanka ne.

Zakaran namu Yaya muke ce masa. Ba mu haɗa uwa ko uba ba, ya dai girme mu duka. Bazazzagi ne, dogo, siriri, maganarsa a yini ba ta cika tafin hannu. In ya hau keke ba ya lilo, ba ya cije baki, sai ka rantse aika aka yi masa zuwa bayan gida, amma ka ɗaga kai ka ga ya zama ɗigo. Shi ya koya mini yadda ake bin bayan mutum a fake da iskarsa, da yadda ake sauka gefen kwalta in motar gyaɗa ta taho ba tare da marmara ta kayar da kai ba. Yana da mata da 'ya guda a wani ɗaki a Unguwar Kanawa, kuma duk abin da suke ci daga rumfar yake fitowa.

Kowace safiya Maigida, wato mai rumfarmu, yana sa a kawo mana koko da ƙosai, kowa da kasonsa. Lokaci-lokaci Yaya kan turo mini nasa da bayan hannu, ko kallona ba ya yi.

“Ungo, Acici.”

Ni kuwa ban taɓa tambayar dalili ba. Mutumin da aka miƙa wa ƙosai da zafinsa, ina ya ga bakin tambaya?

Ƙwayar ta shigo mana ne ta hannun direbobin manyan motoci, masu kwana a hanya. Fara ce, 'yar ƙarama. Wani karen mota ya taɓa kirana gefe a tasha, ya buɗe tafinsa kamar mai nuna zinariya.

“Guda ɗaya, abokina, ka je Rigachikun ka dawo ba ka san ka je ba. Ba gajiya, ba barci, ba yunwa.”

“Ba me?”

“Ba yunwa.”

Na naɗe masa yatsunsa a kan kayarsa, na ce Allah ya ba da kasuwa. Mutane daga baya sun yaba mini, wai ina da tsoron Allah. Ina da shi, daidai gwargwado, amma ranar ba shi ya yi aiki ba.

Wasu ba su yi sa'ar cikina ba. Wani saurayi na wata rumfa, yaro mai fara'a, ya haɗiye biyu ranar tsere. Ya riga kowa isowa Kawo, ya wuce igiyar da aka gitta, ya wuce masu tafi, bai ko taɓa birki ba. A wajen Unguwar Shanu aka tsince shi a kwalbati, kwance rigingine, ƙafafunsa suna ta taka fedar da babu, yana zuba surutu. Wanda ya yi jinyarsa wani dattijo ne mai aiki a ɗakin shan magani, Kirista, mutumin kudancin Zariya, kowa Baba Dispensa yake ce masa. Yaron ya tashi, amma zuciyarsa ba ta sake yarda ya hau keke da gudu ba.

Sai masu rumfuna suka zauna. Wani ya ce a riƙa lalube aljihu, aka ce abin da ke ciki ai ba a aljihu yake ba. Wani ya ce a rantsar da kowa da littafin addininsa, dattawa suka ce ba za a jawo littafin Allah cikin wasan keke ba. Aka juya ga Baba Dispensa, ko yana da wani ƙarfe da zai sa wa mutum ya gane. Ya ce ba shi da ƙarfe. Amma ya yi jinyar masu shan abin nan da yawa, kuma abu ɗaya bai taɓa saɓawa ba: bakinsu bushewa yake, maƙogwaro ya rufe, ko naman kaza ka ajiye musu sai su kau da kai. Mai lafiya kuwa da ya taka keke zuwa Rigachikun ya dawo, ko tabarma ka ba shi da miya zai gwada.

Haka dokar akushi ta samu. Mutum ukun farko, kafin a ba su komai, za su zauna a tabarma ƙarƙashin ɗorawar da ke bakin hanya, a ajiye wa kowa akushin tuwon dawa, ya cinye a gaban jama'a. Wanda ya kasa, ba shi ba tsere har abada, kuma babu mai rumfar da zai riƙe shi, don ma'aikata ba sa son a ce a rumfar 'yan ƙwaya suke haya. Matar Baba Dispensa, wadda muke ce wa Mama, ita ke tuƙa tuwon, ta yi shi da tauri da gangan. Naman miya kuwa a hannun mahaucin Kawo take saye, a idon mutane, don kada wani ya sami abin faɗa.

Na ga dokar ta kama mutum. Ya kai loma ta farko baki da ƙarfin hali, yana ta juya ta daga wannan kunci zuwa wancan kamar akuya, gumi na zuba, idanu a waje. Yara suna ihu, “Haɗiye! Haɗiye!” Ƙarshe ya tofar a hannunsa, ya tashi ya bi ta cikin dawa. Ni kuwa, ko da na zo na goma sha wani abu, nakan je in tsuguna kusa da Mama in ce a gwada ni, ina zargin kaina.

“Tashi ka ba ni wuri, ɗan nema,” in ji ta. Sai kuma ta kankaro mini ƙanzo.

Kullum ranar Asabar ake tseren. Amma wata shekara, ƙarshen damina, hutun gwamnati ya faɗo ranar Litinin, masu rumfuna suka ce a mayar da shi can, ma'aikata za su fi fitowa. Suka kuwa fito, da fararen riguna da huluna, wasu da matansu da laima.

Da safen Yaya ya turo mini kasonsa kamar yadda ya saba. Na haɗa da nawa na share, wai ina tara ƙarfi. Kafin mu kai rabin hanya na gane ƙosai ba ya taka feda, zama yake yi. A Rigachikun akwai mutumin da ke tsaye da ƙwaryar shuni, ya dangwala maka a goshi, shaidar ka iso ba a hanya ka juya ba. Ban kai gare shi ba sai ga Yaya ya dawo da nasa shuɗin, shi kaɗai, babu kowa a bayansa sai ƙura da wani kare.

Da na iso Kawo, maimakon kiɗa da guɗa sai na tarar da wuri tsit. Na jingine keke na kutsa. Na biyu da na uku suna lasar yatsu. Yaya yana zaune, hannuwansa a kan gwiwoyi, akushinsa a rufe da faifai kamar yadda Mama ta ajiye.

Baba Dispensa ya tsuguna a gabansa.

“Ɗana, buɗe ka ci mana.”

“Baba, ba zan ci ba.”

“Ba za ka iya ba, ko ba za ka ci ba?”

“Ba zan ci ba.”

Na dubi fuskarsa. Leɓɓansa sun bushe sun yi fari, idanu sun faɗa, yana haɗiyar yawu da ƙyar. In da za a zana hoton ɗan ƙwaya a manna a bango, to shi ne. Mai rumfar da yaronsa ya zo na biyu, wani Bakano mai ƙaton ciki da murya, ya juya ga jama'a yana tafa hannu.

“To, kun gani! Na Allah, na Allah! Dama ni na ce mutum ba ya tsufa gudunsa na ƙaruwa. Baba, a miƙo mana kayanmu, rana na yi.”

Maigida ya durƙusa kusa da Yaya, yana magana ƙasa-ƙasa, amma na ji.

“Don girman Allah, ko loma kaɗan. Kana so ka kashe mini rumfa? In ka sha, gaya mini. In ba ka sha ba, ci.”

“Ban sha ba, Maigida.”

“To ci!”

Maigida ya miƙe yana kaɗe gwiwa, muryarsa ta canja.

“In aka tashi daga nan akushin nan a rufe, ka ajiye mini kekena a nan, kada ka biyo ni.”

Yaya ya ce to. Haka kawai, to. Na tuna ɗakin nan na Unguwar Kanawa, da 'yar yarinyar da ke rugowa ta karɓi famfo in mun je.

A daidai nan, Allah ya gafarta mini, gyatsa ta taso mini, ta ƙosai zalla. Ita ta buɗe mini kai, don ni ta ciki nake tunani. Yau ya ba ni kasonsa. Yaushe ya ba ni na baya? Ranar da akawuna ke dawo da kekunan da suka karɓa na ƙarshen mako, muna ta fama da faci, wato Litinin. Na bayansa fa? Ita ce dai. Ban taɓa cin kason Yaya ranar Talata ba, ban taɓa ci ranar Asabar ba. Kuma yaushe abin ya fara? Tun daminar da ƙyanda ta kama 'yarsa, har aka fid da rai, ta tashi. Damina biyu ina cin azumin mutum, ban sani ba.

Na buɗe baki zan kwarmata. Yaya ya ɗago, idonsa ya faɗa cikin nawa. Bai girgiza kai ba, bai yi komai ba, amma na taɓa ganin wannan kallon ranar da na so in ɗaura wa wani malami tsohon tiyub a kuɗin sabo. Na mayar da bakina na rufe. To, ya zan yi? Mutum ya hana ka faɗa, kuma in ba ka faɗa ba ya rasa abincinsa.

“Baba,” na ce, “ina da tambaya. Ni ba mai ilmi ba ne.”

“Wannan kowa ya sani,” in ji Bakano. Aka yi dariya.

“Dokar nan ta ce a cinye akushi a gaban jama'a. Ta faɗi lokaci?”

Baba Dispensa ya dube ni ta saman tabarau.

“Ba ta faɗa ba.”

“To a bar shi a nan, a bar akushin a nan, zuwa faɗuwar rana. In ya kasa a lokacin, ni ma a kore ni tare da shi.”

“Kai korarka ai sauƙi ce ga Maigidanka,” in ji Bakano. “Baba, wayo ne! Jira suke ƙwayar ta sake shi.”

Baba Dispensa ya kama wuyan hannun Yaya, ya yi shiru yana sauraro da yatsunsa. Ya ja fatar idonsa ya leƙa. Sannan ya miƙe.

“Wanda ya sha abin da zai ba shi wannan tazarar, ba ya gama tuwon matata yau, ko da an kai tsakar dare. Na yi jinyarsu, na sani. Kuma tuwon zai huce ya ƙara tauri. Za mu jira. Kai mai tambaya, tunda kai ka kawo magana, kai za ka yi gadin akushin.”

Wurin ya fashe da dariya, har da Maigida da bai so ba. Wani ya ce an ba da tsaron nama ga wanda bai kamata ba, wani ya ce a ɗaure mini hannu.

Ban taɓa yin yini mai tsawon wannan ba. Akushi tsakanin ƙafafuna, ƙamshin daddawa yana fitowa ta ƙarƙashin faifai, rana kuma ta tsaya cak a kan ɗorawa kamar an kafa ta da ƙusa. Aka yi azahar, Yaya ya yi alwala ya bi jam'i a gefen hanya, Bakano na biye da shi da ido kada ya jefa wani abu a baki. Na ɗauka mutane za su watse. Kaɗan suka tafi. Sauran suka baje a inuwa, masu gyaɗa da rake suka yi ciniki.

Wajen la'asar na lura surutu ya ragu. Babu wanda ya furta kalmar, amma ta zagaya. Ka ga mutum yana shan rake, ya dubi Yaya, ya dubi rana, sai ya juya baya da rakensa. Wani akawu na Unguwar Rimi, mai karatu, ya matso ya tsuguna.

“Malam, ai addini bai hana ka faɗa ba. Kalma ɗaya ce, kowa ya huta.”

Yaya ya yi murmushi, ya ce Allah ya saka da alheri, bai ƙara ba.

Mama ce ta ba ni mamaki. Tun ana musun lokaci ta ɗaura gyalenta ta tafi, ba ta ce wa kowa komai ba. Rana ta yi ja sai ga ta da tulu a ka, da ƙwarya a hannu. Ruwan sanyi ne da kunun tsamiya. Ta ajiye a gefen tabarma.

“Wannan kuma na mene ne?” in ji Bakano, amma muryar ta sauka.

“Na wanda ya ga dama,” in ji ta. “Shekara nawa ina zaune da maƙwabta, sai yau za a koya mini abin da ake fara sa wa a baki?”

Ladanin Kawo ya ɗaga murya. Yaya ya motsa leɓɓansa, ya ɗauki moɗa ya kurɓi ruwa, ya kurɓi kunu. Aka tashi aka yi magariba. Da aka sallame ya dawo tabarma, na tura masa akushin da hannuna biyu, kuma ina so a rubuta cewa ko gefen malmalar ban taɓa ba.

Ya buɗe. Tuwon ya sandare, miya ta yi fata. Ya yi bisimilla ya sa hannu. Bai yi sauri ba, yadda yake tuƙi haka yake ci, loma bayan loma, ba lilo. Yaran nan masu ihun haɗiye suka yi tsit, suna bin hannunsa daga akushi zuwa baki. Ya cinye, ya sa yatsa ya kewaye cikin akushin, ya kife shi. Sannan ya ɗaga kai.

“Mama, babu ƙari?”

Abin da ya biyo baya ban iya rubuta shi. Guɗa, ƙararrawar kekuna, hula a sama. Baba Dispensa ya kama hannunsa, da miyar da komai, ya ɗaga. Maigida yana ta faɗa wa na kusa da shi cewa shi dama bai taɓa shakka ba. Bakano ya tsaya yana sosa ƙeya, ya matso, ya ce, “Allah ya karɓa, Malam,” ya ja yaronsa suka tafi.

A hanyar gida muka tura kekunan da hannu, don ƙafafun sun ƙi. Na kasa haƙuri.

“Yaya, akawun nan gaskiya ya faɗa. Me zai hana ka ce kawai?”

Ya gyara riƙon kekensa.

“Alkawari na yi a kan yarinyar nan, ni da Ubangijina, ko uwarta ban gaya wa dalili ba. In da a gida ka tambaye ni, sai in faɗa maka. Amma in tsaya gaban taro in buɗe shi don a miƙo mini kyautar tsere? Ai na sayar ke nan.”

“Da an kore ka fa?”

“Da na koma faci a bakin kasuwa.” Ya dube ni a kaikaice. “Kai kuma ka tona ni.”

“Ni? Wallahi ban ce komai ba!”

“Cikinka ya ce.”

Yaya ya ci gaba da tsere har gwiwarsa ta ce ya isa, kuma masu rumfuna ba su sake sa tseren ranar Litinin ba, ko da hutu ya faɗo. Ba a zauna an yanke haka ba, an dai daina.

Ni ne na yi asara. Litinin ta zagayo, mai koko ta zo, na gyara zama kusa da Yaya kamar kullum. Sai na ji Maigida daga cikin rumfa yana ce mata daga yau, ranar Litinin, ta rage kason mutum ɗaya, tunda yanzu an san inda yake tafiya. Na zauna da 'yan ƙosaina a hannu kamar maraya. Yaya yana duƙe kan taya, ya ba ni baya, kafaɗunsa suna rawa. Na zagaya na leƙa, ranar na fara ganin haƙoransa duka.

Da Maigida ya fita, sai ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙunshin ƙosai a ganye, da ɗuminsa. Shi ya tsaya ya saya a hanya. Ya turo mini da bayan hannu, ko kallona bai yi ba.

“Ungo, Acici. Ka ci, ka daina lura.”